Kyamarar da Ruwa Ya Ci: Yadda Ake Sauya Ta a Rogo da Manchesta

Ruwan Manchesta yayyafi ne, sai ya wuni yana zuba ba ka ji ƙararsa a rufin ɗaki ba. Na Rogo kuwa, idan Agusta ta kankama, hadari ne ke tasowa daga gabas, kafin ka nemi mafaka ya kece kamar da bakin ƙwarya, rafuka su cika, hanyar ƙauye ta yanke. Kowanne a cikinsu yana kashe kyamara. Inda aka rabu shi ne abin da mai hoto ke yi bayan ta mutu, kuma tun da na zauna a Ingila nake sa ido a kan wannan bambanci.

Ɓarnar ruwa iri ɗaya ce ko'ina. Idan ya shiga cikin bodi alhali batir na ciki, wuta na iya bin inda ba hanyarta ba, ta ƙone allon lantarkin nan take. Idan kuma an yi sa'a an zare batir, danshi da laka suna nan suna cin wayoyi a hankali har tsatsa ta gama da su. Binne ta a buhun shinkafa ba ya fitar da wannan laka. Garantin kamfani ma ba ya ɗaukar nauyin ruwa, ko da kyamarar mai robar kariya ce, domin don yayyafi da ƙura aka yi robar, ba don nutso ba.

A nan Ingila, takarda ce ke jan ragama. Mai hoton biki yakan biya inshorar kayan aikinsa duk shekara. Ruwa ya ci kyamara, sai ya aika ta wurin masu gyara, su rubuto cewa kuɗin gyaran ya zarce darajarta, kamfanin inshora ya cire ɗan kason da aka yi yarjejeniya a kai ya biya shi sauran. Daga nan da yawansu suke ɗaukar asarar a matsayin damar hawa sabon yayi, wato kyamara marar madubi a ciki, wadda Sony ta fito da babbar irinta a 2013, Canon da Nikon suka biyo baya a 2018. Wanda aljihunsa bai kai ba ya nufi dillalan kayan hannu irin su MPB, da aka kafa a Brighton a 2011. A shafinsu za ka ga hoton ainihin bodin da za a turo maka, da matakin lafiyarsa, da adadin hotunan da ya taɓa ɗauka. Dokar ƙasar kuma ta ba mai sayen kaya ta intanet daga ɗan kasuwa kwana 14 na mayarwa idan bai gamsu ba. Baƙon da bai san kowa ba zai iya sayen kaya mai kyau daga ɗakinsa, wannan kam yana burge ni. Abin da ke ci mini rai shi ne saurin yanke ƙauna. Ladan mai gyara da awa ake lissafa shi, yana da tsada, saboda haka kyamarar da hannu mai haƙuri zai iya tayarwa sai a kira ta gawa.

A gida ba haka ba ne. Ƙanena da ke wannan sana'a a Rogo ya taɓa kirana da dare, yana dawowa daga suna a wani ƙauye ta wajen Zarewa, babur ya zame a mashigin rafi, jaka ta faɗa ruwa. "Yaya, ta ƙi tashi," abin da ya iya faɗa ke nan. Bai yi zancen sabuwa ba, zancen mai gyara ya yi. Washegari ya bi ta Karaye ya shiga Kano. Mai gyaran ya warware ta a kan farin ƙyalle, ya jera ƙananan kusoshi a murfin gwangwani, ya sa tsohon buroshin haƙori da sifirit ya goge allon lungu-lungu, ya shanya shi a ƙarƙashin ƙwan lantarki. A gefensa akwai kwali cike da matattun kyamarori, daga nan yake ciro abin da ya ƙone. Ya kuma gaya masa gaskiya: za ta tashi, amma ya fara tara kuɗin wata kyamarar.

Wajen zaɓen wata kyamarar ne na fi ganin hikimar mutanenmu. Mai hoto a Rogo ba daga bodi yake fara lissafi ba, daga lens yake farawa, domin lens ne jarin da ya fi daɗewa, kuma sau da yawa yana tsira idan ba a jikin kyamarar yake ba lokacin haɗarin. Bakin ɗaura lens da Canon ta fito da shi a 1987, wanda ake kira EF, da na Nikon mai suna F da ke nan tun 1959, kowanne ya ɗaure mai shi ga danginsa. Sai batir. Irin batirin da ke cikin Canon 5D Mark III shi ne ke cikin 6D da 7D da 80D, don haka wanda ya tsaya a wannan gida bai yi asarar batirai da caja ba, kuma ranar da nasa ya ƙare a tsakiyar kamu, zai aika yaro ya aro na abokin sana'a. A garin da wuta ke zuwa ta ɗauke ba sanarwa, wannan babban zance ne: 5D Mark III mai madubi tana ɗaukar hoto kusan 950 a caji ɗaya bisa gwajin kamfani, EOS R marar madubi ta 2018 kuwa wajen 370. Ga ƙurar hunturu, wadda ke samun hanya kai tsaye zuwa idon yawancin kyamarori marasa madubi idan aka cire lens. Ga kuma canji: tun da aka saki Naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, farashin sabon kaya ya bi ta. Wanda ya zaɓi tsohuwar mai madubi a Rogo lissafi ya yi, kuma ina tare da shi.

Sai dai akwai rami a hanyar tamu, kuma daga nan Ingila na fi hango shi. Kyamarorin da aka yanke wa hukunci a nan ba dukkansu ke zuwa bola ba, wasu ana sayar da su a intanet da sunan kayan gyara. Kayan lantarki na hannu kuwa kullum suna sauka a tashoshin Legas, su haura Arewa. Bodin da ya sha ruwa zai iya yin makonni yana aiki lafiya lau kafin ya buge. Mai saye a Kano ba shi da takardar tarihinsa, sai idonsa da hancinsa. To, ya yi amfani da su. Ya buɗe gidan batir ya haska tocila, ya duba ko akwai farin gari ko kore a jikin ƙarafan. Ya leƙa ramin memori, ya juya ƙasan kyamarar ya ga ko kusoshi sun yi ja, ya shinshina ko da warin fumfuna. Ya nemi adadin hotunan da ta ɗauka: Nikon tana rubuta shi a cikin bayanan kowane hoto, yawancin Canon sai an jona su da kwamfuta, kuma 5D Mark III an gina ta ne a kan hoto 150,000. Sannan a yi sharaɗin mako guda na gwaji a gaban shaidu. Ɓoye aibin haja haramun ne, kowane ɗan kasuwar Kano ya san haka, amma shi kansa mai sayarwar wani lokaci bai san abin da ya sara ba.

Inshora kuwa, ba na jin za ta kama ƙasa a wajenmu nan kusa, amma adashi ya kama tuntuni. Masu hoton Rogo da Karaye sun san juna, suna haɗuwa a ɗaurin aure da saukar karatu da hawan sallah a Karaye. Da za su riƙa zuba wani abu duk wata, a keɓe shi ga wanda ruwa ko ɓarawo ya raba da kayan aikinsa, da an rage masu barin sana'a daidai lokacin da kaka ke kawo bukukuwa. Kuma idan kuɗin ya zo hannu, shawarata ita ce a raba shi biyu, a sayi bodi biyu masu sauƙin kuɗi da ke cin lens da batir iri ɗaya, ɗaya a wuya, ɗayan a ɗaure cikin leda a gida har sai damina ta ɗauke.