Waƙar Jaruma da takardar da na rubuta a 2020



A makon jiya ina kwashe takardun ƙungiya daga tsohuwar jaka zuwa sabuwar durowar da aka saya mana, sai na ci karo da littafin bayanan taro na shekarar 2020. Na buɗe shi ne don in duba lissafin tallafin da muka raba lokacin kulle, amma idona ya faɗa kan wani shafi na watan Yuni. Abu na uku a ajandar ranar, da rubutun hannuna: maganar waƙar Jaruma da rawar matan aure. Na zauna a bakin gado na karanta shafin har sau biyu. Tun ranar abin yake cina a rai, shi ya sa na ce bari in amayar da shi a nan. Na nemi izinin uwargidana kafin in rubuta, na nemi na mutanen da zancen ya shafa, kuma ba zan kama sunan kowa ba.

Duk wanda yake Minna a lokacin bai manta ba. An rufe makarantu tun watan Maris, kasuwa yau a buɗe gobe a rufe, gwamnatin tarayya kuma ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Mu da muka saba da zarar an shiga goman ƙarshe na azumi sai a fara cigiyar motar Kano, Katsina, Sakkwato ko Zariya, a wannan shekarar kowa a ɗakinsa ya yi Sallah. Ranar Lahadi ce, 24 ga Mayu. Mata sun yi kitso da lalle, tela ya kawo ɗinki, amma babu inda za a je da su.

A cikin wannan zaman ne waƙar Hamisu Breaker ta shigo gidajenmu. Matashi ne ɗan Ɗorayi a Kano. Masu bin waƙoƙin soyayya sun san shi tun kafin nan, amma irinmu da kunnenmu ya tsaya a kan Shata da Ɗanƙwairo ba mu taɓa jin sunansa ba. Lokacin da muke samari, kafin waƙar fim irin ta Sangaya ta iso Minna sai mai kaset ya je Kano ya saro. Wannan kuwa babu wanda ya yi mata kuɗin mota. Daga YouTube ta sauka a waya, daga waya ta bi WhatsApp da Xender, masu tura waƙa a Kasuwar Kure da wajen Mobil suka ƙarasa aikin. Kafin a ankara, idan ka hau keke daga Kpakungu zuwa Bosso ita ce, wajen mai shayi ita ce, shagon aski ita ce. Maƙwabcina Banufe ne, Hausarsa ta ciniki ce kawai, amma na ji shi yana bin amshin yana wanke mota.

Ba zan ce ta kai waƙoƙin da muka tashi da su zurfin magana ba. Namiji ne yake lallashin mace yana kambama ta, da kiɗan fiyano irin wanda muka saba ji a finafinai, sai dai an ƙara wa gangar nauyi. Sirrinta a wurina shi ne kiɗan ba ya neman tsalle. Kafaɗa yake so da ɗan taku, shi ya sa mace mai 'ya'ya biyar ma za ta bi shi ba ta yi haki ba.

To, ranar Sallar nan bayan la'asar muna falo ni da yara, babbar 'yata ta kunna waƙar a wayata. Uwarsu ta fito daga kicin da faranti a hannu, cikin sabuwar atamfarta. Ta ajiye farantin, ta dube ni, kawai sai ta fara takawa. Shekararmu goma sha bakwai da aure a lokacin, kuma rabon da in ga ta yi rawa tun bikin ƙanwarta. Watanni biyun da suka wuce ba mu ji da daɗi ba, kuɗi sun yanke, kullum muna gida muna ganin laifin juna, har ta kai magana tsakaninmu sai ta zama dole. Ranar na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Na ciro naira ɗari biyu na liƙa mata a goshi, yara suna ta shewa. Yarinyar ta ɗauki abin a wayata, minti ɗaya da 'yan daƙiƙai. Da daddare uwargida ta ce min, “Baban yara, ashe har yanzu kana iya dariya.”

Ban san cewa a daidai wannan lokacin haka ake yi a gidaje da yawa ba. Bambancin kawai, wasu sun ɗora nasu a Instagram da Facebook. Cikin 'yan kwanaki abin ya zama gasa, mace ta ci ado tana rawa, miji na zaune a kujera yana murmushi ko yana liƙi. Malamai suka yi ca a kai, a wa'azi da a rediyo. Masu karewa suna cewa ai mijinta take yi wa, masu suka suna cewa mijinta da sauran mazan duniya. Zaurenmu na WhatsApp ya kama da wuta, har sai da na rufe shi kwana biyu.

Sannan abin ya faɗo cikin gidanmu. Wani matashi ɗan ƙungiyar nan, aurensa bai kai shekara ba, ya ɗauki amaryarsa tana wannan rawar a ɗakinsu. Shi ya kunna waƙar, shi ya riƙe wayar, ana ma jin muryarsa yana zuga ta. Ya tura wa ƙanwarsa da ke garinsu don ta ga kayan Sallar da ya yi wa matarsa. Ƙanwar ta sa a sitatus. Kwana uku ba a yi ba, bidiyon ya dawo Minna ta hannun mutanen da ba su san ma ko wace ce ba. Yayansa ya kira shi daga gida ya wanke shi tas, ya ce ya auro wadda za ta zubar musu da mutunci. Abokan sana'arsa suka riƙa kunna waƙar duk lokacin da ya shigo layi. Yaro ya koma gida da zafin zuciya ya rubuta mata saki ɗaya. Da hanya a buɗe take da a ranar ta bar jihar nan, wataƙila da shi ke nan. Da yake an hana tafiya, gidan gwaggonta ta koma, a nan cikin gari.

Wannan ne ya sa aka kira taron. Mu tara ne a zauren Shugaba, saboda dokar hana cunkoso, har da shugabar mata da ta zauna daga bakin ƙofa. Na rubuta a littafin cewa an tattauna sosai. Gaskiyar magana faɗa aka yi. Wani dattijonmu, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya ce matan yanzu sun fitsare, kuma akwai baitocin waƙar da bai kamata a ji su a gidan mutunci ba. Kusan kowa ya goyi bayansa. Hajiya ce kaɗai ta ce a'a. Ta ce, “Alhaji, ku ji tsoron Allah. Mu da muka tashi ana kiɗan ƙwarya a tsakar gida fa? Wace matar aure ce ba ta taka amada ba a gidan biki ko suna? Abin da Barmani Choge take faɗa a gaban mata, wallahi yaron nan bai faɗi rabinsa ba. Amma a lokacin ƙofa ake rufewa, namiji ko ɗan shekara goma ba ya leƙowa. Yanzu wa ya buɗe ƙofar? Yarinyar nan ita ta ɗauki kanta?”

Zauren ya yi tsit. Nan ne ya kamata in yi magana, domin a aljihun rigata akwai waya, a cikin wayar akwai matata tana irin wannan rawar, da ɗari biyuna a goshinta. Da na ce nima an yi a gidana, kuma alheri na gani, da wataƙila zancen ya sauya hanya. Ban ce komai ba. Na sunkuyar da kai ina rubutu kamar aiki ya yi min yawa. Laifi tudu ne, na take nawa ina rubuta na wani.

Aka ce Sakatare ya tsara sanarwa. Na tsara, Shugaba ya sa hannu, na ɗora a wannan shafin, da yawanku kun danna mata alamar so. Sakin layi huɗu ce. Uku a kan mata: su ji tsoron Allah, su kiyaye mutuncin aure, su guji kwaikwayon 'yan fim. Na huɗun kira ne ga hukuma ta sa ido a kan mawaƙa. Na sake dubawa a makon jiya, kalmar miji ba ta fito ko sau ɗaya ba. Maganar Hajiya ma layi ɗaya na ba ta a littafin: shugabar mata ta yi tsokaci.

Ni sai bayan taron na zauna na kalli bidiyon waƙar na asali, wanda Hamisu ya fito tare da Momee Gombe. Na ɗauka zan ga abin tashin hankali, sai na tarar irin bidiyon da muka saba gani ne a waƙoƙin Kannywood, saurayi da budurwa, ado da rawa. Abin da ya tsaya min shi ne lissafin wanda ya ci riba. Mawaƙin sunansa ya zagaye ƙasar Hausa har Nijar da Ghana, waƙar ta samu masu kallo miliyoyi. Yarinyar da ta fito a ciki sana'arta ce, da saninta ta tsaya gaban kyamara, kuma sunanta ya ƙara fitowa. Kowace matar aure da aka ɗora bidiyonta talla ta yi wa waƙar kyauta. Ita kuwa amaryar nan tamu, ko asusun Instagram ba ta da shi, abin da ta samu takardar saki ce.

Ba yau aka fara ba. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar ClassiQ, inda aka ga sun rungumi juna. Mutum biyu ne a hoton, amma sunan mutum ɗaya muka riƙa tsinewa a majalisa. Ban ce abin da ta yi daidai ne ba, har gobe ba na goyon bayansa. Ina dai lura ne cewa duk lokacin da waƙa ta jawo ƙura, mun san wuyan da muke rataya wa laifin, kuma ni da alƙalamina na taya.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban canza ra'ayi a kan ɗora matar aure a intanet tana rawa ba. Malaman da suka yi magana suna da hujja, abin da aka yi don ido biyu bai kamata ya zama na kasuwa ba. Inda muka kauce shi ne mun haɗa rawar da yaɗa ta muka yi musu kuɗin goro, sannan muka aika wa mace da takardar biya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, balle a nan ɓeran ne ya buɗe tukunyar da hannunsa.

Hajiya da limamin unguwarsu ne suka yi ta zarya har yaron ya mayar da matarsa kafin idda ta cika. Ni dai rakiya na yi sau ɗaya. Abin da ban manta ba, da aka ce ya ba ta haƙuri, sai ya ce ai ya yafe mata. Limamin ya ce, “Kai za a yafe wa, ɗana.” Yanzu 'ya'yansu biyu, suna zaune lafiya. Amma tun daga lokacin ba ta sake zuwa taron mata na ƙungiya ba, ko walima ko rabon kayan azumi. Da na je neman izinin wannan rubutun, daga bayan labule ta amsa min. Ta ce, “Yaya Sakatare, ka rubuta. Har yanzu idan na shiga kasuwa akwai masu ce min Jaruma.”

A gidana kuwa, ranar da sanarwar ta fito uwargida ta karanta a wayar 'yarta. Ba ta yi min faɗa ba. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta wayata, ta nemo bidiyon ta goge da kanta, ta shiga inda ake ajiye abin da aka goge ta sake gogewa. Ta ce, “Tunda mun zama marasa tsoron Allah.” Na ce ba da ita nake ba. Ta ce to da wa nake? Ban samu amsa ba. An yi Salloli da yawa bayan nan, an yi waƙoƙin da suka fi Jaruma tashe a wajen yara, na Ado Gwanja da na wasu, amma ba ta sake takawa a gabana ba.

Na roƙi Shugaba, ya kuma amince, an sa maganar a ajandar taron wata mai zuwa, ita ce abu na huɗu. Zan karanta tsohuwar sanarwar da bakina, in nemi a cire ta daga wannan shafin, a kuma rubuta maganar Hajiya cikakkiya a littafi yadda ta faɗe ta. Kafin ranar, duk wanda ya san bidiyon yarinyar nan yana cikin tsohuwar wayarsa ko memorinsa, don girman Allah ya goge. Za a fara taron da ƙarfe huɗu da rabi, bayan la'asar, a inda aka saba, kuma an ce mata su ma su zo.