Lungun Hayaƙi a Kasuwar Wahaka

A birnin Wahaka, can kudancin ƙasar Meksiko, akwai wata kasuwa mai suna 20 de Noviembre, wadda lungunta guda na masu gashin nama ne zalla, kullum hayaƙi ya turnuƙe shi. Baƙo yakan shiga don nama, amma ɗan haɗin yajin da suke kira salsa shi ne abin labari.

Ba a kusantar tukunya. Tumatir da ɗanyen barkono da tafarnuwa ake jerawa bisa kasko, har ɓawonsu ya babbake. Sa'an nan a daka tafarnuwa da gishiri cikin molkahete, watau ɗan turmin baƙin dutse mai ƙafa 3, a bi da barkono, tumatir ya zo daga ƙarshe. Mai gaggawa yakan zuba a injin markaɗe, amma a ganina ya yi hasara, gama inji yakan mai da shi ruwa tsululu, dutse kuwa yakan bar shi da kauri.

Tumatirin da manomanmu ke shukawa a Kadawa, daga ƙasar nan Turawan Sifen suka fitar da irinsa bayan 1521. Sunan ma asalinsa "tomatl" ne, a harshen mutanen Aztek.