Ƙidayar Abin da Ido Bai Riska Ba

Daga cikin tambayoyin da ake gwada basirar yaran lakwal da su, akwai wadda ta daɗe tana ba ni sha'awa, watau a zana tulin 'yan akwatuna masu girma ɗaya, a ce yaro ya faɗi adadinsu. In an jera uku a tsawo, uku a faɗi, uku a bisa, jimla 27 ke nan, amma mai kallo ta kusurwa 19 kaɗai zai gani; sauran 8 sun faku, ɗaya ma tana can tsakiya, ko ta ina aka zagaya ba a riskarta.

Masu buga bulon ƙasa a nan Dawce, bayan damina ta ɗauke, ba su karanta wannan a takarda ba, amma sun tabbata bulo ba ya zama bisa iska, saboda haka na sama hujja ne a kan na ƙasa, kamar yadda malamai kan kafa dalili da zahiri a kan abin da ya ɓuya. Sai dai mai tambaya ya ƙaddara babu rami a cikin tulin, alhali kuwa mai saye, in ya taho da amalanke daga Matamaye, yakan zare ɗaya ya leƙa ciki tukuna, sa'an nan a yi ciniki.