Zuciya Ma Tana Yaushi Bayan Dashe



Akwai wata irin waƙa da ta cika wayoyinmu, wadda mawaƙi ke bugun ƙirji cewa rabuwa ba ta dame shi ba: yau an rabu, gobe ya yi sabuwa. A 2018 Ariana Grande ta Amurka ta fitar da irinta, ta ambaci tsofaffin samarinta da suna, ta gode musu, ta yi gaba. Namu mawaƙan ma suna yi. Kiɗan yana mini daɗi, amma ban yarda da saƙon ba, kuma gona ce ta hana ni yarda.

Mu da muka tashi a bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan dam ɗin Tiga ke riƙe da noman rani, mun san dashe. Idan an cire irin tumatir daga inda aka rene shi, da yamma ake dasawa, a ba shi ruwa nan take. Duk da haka sai ya yi kwanaki yana yaushi, domin ƙananan saiwoyinsa sun tsinke. Manomi ba ya fushi da shi, jira yake yi. Amma shukar da ake tugewa kowane mako ana sauya mata wuri, 'ya'yanta ba za su taɓa ganin kasuwar Kwanar Gafan ba.

Haka zuciya take. Wanda bai ji zafin rabuwa ba, ko dai bai kafa saiwa ba tun farko, ko yana ɓoyewa ne.

Sannan waƙar ba ta tuna da wanda aka bari. Majami'unmu ƙanana ne. Wadda ka rabu da ita tana ƙungiyar mawaƙa, mahaifiyarta da taka suna zumuntar mata tare. Na san 'yar'uwar da ta yi wata uku ba ta zo sujada ba, domin mako guda da rabuwarsu ɗan'uwan ya sa hoton wata a WhatsApp.

Ba kowace soyayya ce ke kai wa ga aure ba, rabuwa kuma ba zunubi ba ce. Amma ɗan'uwa, 'yar'uwa, ku rabu da gaskiya, ku rufa wa juna asiri, ku dakata kafin sabon alkawari. Dauda bai ji kunyar kai kukansa gaban Allah ba, mu ma kada mu ji.

Ubangiji ya warkar da masu yaushi a cikinmu. Amin.