Gwallaga: Inda Ake Jinyar Rawar Sitiyari

Baƙon da ya sauka birnin Bauchi ya tambayi hanyar Gwallaga ba zai sha wahala ba, gama ko yaro ƙarami ya san unguwar, musamman saboda babban masallacin Juma'arta wanda sunansa ya zaga ƙasar nan. Amma ba masu zuwa salla kaɗai ke bin titunanta ba. Tun da hantsi akan ga motoci jajur da ƙurar burji sun tsaya a inuwar bakin hanya, kanikawa na kwance ƙarƙashinsu ƙafafu kawai ake hangowa, masu faci kuwa na gefe suna fama da tayoyi. Cikin dukkan ƙorafe-ƙorafen da direbobi ke zuwa da su, babu wanda ke sauya fuskar mutum kamar rawar sitiyari.

Dalili kuwa a fili yake ga wanda ya san yadda Bauchi take zaune. Manyan hanyoyi biyar ne suka haɗu a garin: ta Jos, da ta Kano wadda ta bi ta Ningi, da ta Maiduguri ta Darazo da Kari, da ta Gombe ta Alkaleri, sai kuma ta Dass da Tafawa Ɓalewa. Kowace daga cikinsu tana da rassa na burji da suka kutsa ƙauyuka da gonaki da kasuwanni irin su Soro da Liman Katagum, ga kuma hanyar da ta ratse daga Dindima zuwa gandun dajin Yankari, wanda aka keɓe tun 1956 aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962. Tun daga 1976 da Bauchi ta zama babban birnin jiha, motocin ma'aikatu da na 'yan kwangila suka yawaita, kuma a ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Steyr ya soma harhaɗa manyan motoci da taraktoci a garin tare da haɗin gwiwar mutanen Ostiriya, ko da yake daga baya aikinsa ya ja baya. Saboda haka jif da akori-kura da gingimari ba baƙi ba ne a nan, haka ma ciwace-ciwacensu.

Wanda bai taɓa gamuwa da wannan rawa ba zai ɗauka ɗan kakkarwa ne irin wanda kowace tsohuwar mota ke yi. Ba haka ba ne. Mota na tafiya lafiya lau a kan kwalta, sai ƙafa ɗaya ta faɗa wani ɗan rami wanda bai kai a ce komai ba, nan take sitiyari ya kama kaiwa da komowa da ƙarfin da zai iya fizge hannun ƙato, gaban motar duka ya ɗauki girgiza, kayan da ke baya su shiga zubewa, fasinjoji su ɗauki salati. Ba ta dainawa don kanta sai gudu ya ragu ƙwarai, wani lokaci ma sai an tsaya cik. Direbobin jif na Amurka sun laƙaba mata suna rawar ajali, kuma ba su yi ƙarya ba. Tsofaffin direbobi sun san cewa wanda ya danne birki da ƙarfi a wannan hali ya ƙara wa wuta makamashi. Abin yi shi ne a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur, a bar motar ta sassauta, sa'an nan a sauka gefe a hankali.

Motocin da ciwon ya fi kamawa su ne waɗanda ƙafafunsu na gaba biyu ke haɗe da sandar ƙarfe guda ɗaya miƙaƙƙiya, kamar Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, da Land Cruiser samfurin 70 da ta fito a 1984, da tsofaffin Hilux, da kusan dukkan manyan motocin ɗaukar kaya. Wannan ƙira ita ce ƙarfinsu a daji, ita ce kuma rauninsu, domin duk abin da ya bugi ƙafar dama sai ya isa ta hagu, ita kuma ta mayar. In gaɓoɓin da ke tsakani a ɗaure suke tam, bugun yakan mutu nan take. In kuwa kowace gaɓa ta ɗan saki, to, ƙafafun biyu sun sami filin yi wa juna jifa ke nan.

Gwanin bakanike ba ya fara ɗaukar sifana. Tambaya yake farawa da ita, kamar likita: “Maigida, yaushe take kama ka?” Amsar nan ita ce rabin aikin. In rawar tana zuwa ne a wani gudu sananne, misali tsakanin kilomita 80 da 100 a sa'a guda, kuma in an wuce ko an rage ta lafa, zargi ya faɗa kan taya. In sai an taka birki ne sitiyari ke kakkarwa, to, faifan birki ya karkace ko gangarsa ta daina zama da'ira. In kuwa sai bayan faɗawa rami ne take tashi da haukanta, batun ya koma ga gaɓoɓin ƙafa.

Daga mai araha akan fara. A duba iska, a duba ko busasshen taɓo ya liƙe a cikin wili tun daga damina, a ɗaga motar a kan jak a juya taya a tsura ido a ga ko tana tsalle ko wilin ya lanƙwashe. Tayar gwanjo tana da nata sharri: zaren ƙarfen da ke cikinta kan rabu da roba ta yi ƙullutu wanda ido ba ya gani sai tafin hannu ya shafa. Tun daga shekarar 2000 akwai lambobi huɗu a gefen taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, amma kaɗan ne masu saye ke sunkuyawa su karanta. Dabara mafi sauƙi ita ce a mayar da tayoyin gaba baya, na baya su dawo gaba. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, an kama ɓarawo, sai a kai wajen masu balansin su manna dalma.

Aikin da ya fi ban sha'awar kallo shi ne wanda ke biye. Akan sauke motar ƙasa da nauyinta, a sa yaron gareji ya hau ya riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu a hankali, shi kuwa ogan ya kwanta ƙarƙashi ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, tun daga akwatin sitiyari, zuwa sandar da ke jan ƙafa, zuwa kawunan tayarod. Ba ido ke wannan aiki ba, hannu ne da kunne. Gaɓar da ta ci takan yi wani ɗan ƙas a tafin hannu kafin ta motsa 'yar'uwarta. A motoci masu sifirin na falle-falle, sai a duba bushin da ke kawunansu da notukan da suka ɗaure sifirin da sandar ƙafa. A masu sifirin na naɗi kuwa, irin Land Rover 110 da ta fito a 1983, akwai wata sanda da aka gitta daga shasi zuwa sandar ƙafa don hana ta zamewa gefe, kuma bushinta ko ramin kusarta in ya buɗe, shi kaɗai ya isa ya tayar da rawar.

Sa'an nan a sake ɗaga ƙafar, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga. In ta yi motsi, sai a ce wa yaro ya taka birki. Motsin in ya ɓace, boris ne. In yana nan, kimfin ne a babbar mota, ko makwafinsa a jif. A Land Rover da Land Cruiser akan daidaita tsaurin wannan mahaɗi ne da waɗansu siraran fallayen ƙarfe, a cire ɗaya a ƙara tsauri, kuma ƙa'ida ita ce a auna da ma'aunin rataye irin na mahauta. Mai gaggawa da hannu yake kintata, shi ya sa motar kan dawo bayan mako biyu.

Akwai kuma abin da ba na gareji ba ne, na direba ne da mai mota. An ƙera ƙafar gaba da ɗan kishingiɗa zuwa baya domin sitiyari ya riƙa komawa tsakiya da kansa bayan kwana. Sifirin da ya gaji da lodin buhunan masara fiye da kima, ko wanda aka ƙara wa falle don motar ta yi tsawo, yakan ɓata wannan kishingiɗa. Har wa yau, tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama cikin Afrilu 1972, motocin da ake shigowa da su masu sitiyari a dama sai an juya su, kuma wanda aka yi wa aikin sakaci akan tarar da shasi ya tsage daidai inda aka ɗaure akwatin sitiyarin. Wannan tsaga giris da ƙura kan rufe ta, sai an goge an kaɗa sitiyari take buɗe baki.

To, a nan ne ciniki ke tsami. Sau da yawa ba gaɓa ɗaya ce ta lalace ba, uku ne ko huɗu kowace ta ɗan saki, kuma kuɗinsu a haɗe ya fi abin da direba ya zo da shi. Mai mota yana jiran kuɗin yini, gobe kasuwa ce, an riga an karɓi kuɗin lodi. Sai ka ji ana neman sauƙi: a sa sabon shokazoba na sitiyari kawai, ko a dandaƙe kan tayarod da guduma ya matse, ko a ƙara ɗaure akwatin sitiyari. Dukkansu suna kwantar da rawar na ɗan lokaci, kuma dukkansu rufa ido ne. Shokazoba yana danne alama ne, ciwon na nan yana ci. Akwatin da aka matse fiye da kima yakan hana sitiyari dawowa bayan kwana. Kan tayarod da aka dandaƙe kuwa ranar da zai fita ba ya sallama, kuma ƙafar da ya saki ba ta ƙara jin maganar direba, alhali a bayan motar akwai mata da buhuna da awaki. Bakaniken da ya ƙi wannan aiki yakan rasa ciniki ranar nan, wani lokaci har da baƙar magana, domin kuwa ba a rasa wanda zai yi a gaba.

In an daidaita an sa kayan kirki, sauran awo. Wanda ba shi da na'ura da alli da zare yake yi: a yi alama a tsakiyar tayoyin gaba biyu, a auna tazararsu ta gaba, a tura motar alamar ta koma baya a sake aunawa, a murɗa tayarod har bambancin ya zo daidai da abin da masu ƙera motar suka tsara. A ƙarshe a bi kowane noti a tabbatar an zura masa 'yar ƙusar da ke hana shi kwancewa.

Ba a biyan kuɗi sai an yi gwaji. Da la'asar sakaliya ogan kan wanke hannu da fetur ya shiga gaba kusa da direba, su bar Gwallaga su ɗauki hanyar bayan gari, su nemi irin ramin da ya saba tayar da rawar, su faɗa masa da irin gudun da ya saba kama ta. Direba kan ƙanƙame sitiyari tun kafin su isa, sai ogan ya ce, “Sassauta hannu, Malam, bar ta ta faɗi gaskiya.” In ta wuce shiru, akan juyo a sake bi sau biyu, sa'an nan a komo gareji, yaro ya tattara tsofaffin gaɓoɓin da aka cire ya zuba su bayan kujera, don direba ya kai wa mai mota ya gani da idonsa.