Shekarun da Muka So Mu Rage



Mu bakwai ne muke haɗuwa kowace Asabar da yamma a ɗakin makarantar Lahadi, tun ranar da aka manna sanarwa cewa wani banki da kamfanoni biyu za su zo jami'armu su tantance 'yan ajin ƙarshe, su ɗauki waɗanda suka yi nasara bayan bautar ƙasa. Kwamfuta ɗaya muke da ita, ita ma ta aro. Mukan sa agogon waya mu gwada tambayoyin lissafi da na Turanci irin na jarrabawar ɗaukar aiki. A nan muka gane cewa sanin amsa daban, samo ta cikin minti ɗaya daban. Mun rage CV ɗinmu zuwa shafi ɗaya ko biyu. Masu adireshin imel na wasa sun buɗe sabo da cikakken sunansu. Muna yi wa juna tambayoyin intabiyu, ana kuskure ana dariya.

Dariyar ta tsaya ranar da muka karanta sharuɗɗan bankin a tsanake. Sakamako mai kyau, mun san da wannan. Amma layi na gaba ya ce kada mai nema ya wuce shekara 26. Uku daga cikinmu sun wuce.

Ba wasa muka yi da karatu ba. Waɗansunmu sun rubuta JAMB sau biyu ko uku kafin su sami gurbi. A 2020 yajin aikin malaman jami'a da annobar korona suka zaunar da mu a gida kusan shekara guda. A 2022 aka sake tafiya yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Karatun shekara huɗu ya kusa cin shida. Ga shi yanzu ana ce mana mun tsufa, alhali ko albashin farko ba mu taɓa karɓa ba.

Shawara ba ta daɗe ba ta iso, kuma ba daga bakin mugu ba. Kawun ɗaya daga cikinmu ne, mutumin kirki, ya kira shi ya ce, "Ɗana, a je kotu a yi takardar rantsuwar shekaru, a cire biyu. Kowa haka yake yi. Ka dubi uwarka da ƙannenka." Kuma gaskiya ne, da kuɗin masara da dankali uwar ta biya kuɗin makarantarsa, ƙannensa uku suna jira.

Asabar biyu muka yi muna gardama, littattafai a rufe. Kada mu ɓoye muku, yawancinmu mun karkata ga kawu. Muka ce ai ba mu cuci kowa ba, shekarun da aka cinye mana ne muke karɓowa.

Wata 'yar'uwa a cikinmu ce ta yi tambayar da ta sa kowa ya yi shiru. Ta ce, "Wa zai rantse?" Irin wannan takarda, galibi ba mai shekarun ne yake sa mata hannu ba, mahaifi ne ko mahaifiya ko wani babba a dangi, wanda zai shaida cewa ya san lokacin haihuwar. Wato za mu ɗauki matar da ta koya mana addu'a, mu kai ta gaban hukuma ta yi rantsuwar ƙarya a kan ranar da ta yi naƙudarmu. Babu wanda ya iya ɗaga kai.

Sai muka lura kuma ƙaryar ba ta yini ɗaya ba ce. Ranar haihuwarmu tana cikin bayanan WAEC da JAMB, tana kan NIN da BVN, hukumar bautar ƙasa ma za ta riƙe ta. In ka canza ɗaya, sai ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowace da tata ƙaryar. Daga nan za ka riƙa rubuta ranar bogi a kowane fom har ka yi ritaya, kullum gabanka na faɗuwa in aka ce ana tantance takardu.

Su ukun ba su nemi aikin bankin ba. Ya yi zafi, har yanzu ma da saura. Amma mun koma kan takardunsu da wata tambaya: me kuka yi da watannin nan na zaman gida? Ashe ɗaya ya riƙe shagon POS, yana daidaita lissafi kowane dare ba a taɓa samun giɓi ba. Ɗaya ta koyar da lissafi a wata makaranta mai zaman kanta. Na ukun ya noma dankalin turawa a Bokkos, ya kai kasuwa da kansa. Duk sun bar waɗannan a waje don suna ganin ba aikin ofis ba ne. Muka rubuta su dalla-dalla, tare da abin da kowa ya koya a wata shida na SIWES. Da waɗannan takardun suka nemi sauran kamfanonin biyu, waɗanda ba su sa iyakar shekaru ba.

An yi jarrabawa makon jiya, sakamako bai fito ba. Mai yiwuwa a kira mu, mai yiwuwa a ƙi. Ba mu zo da shaidar nasara ba, roƙo muka kawo. Ƙannenmu na ajin ƙasa, ku duba takardunku tun yanzu ku tabbata ranar haihuwarku ɗaya ce a ko'ina, kuma ta gaskiya ce. Iyayenmu da yayyenmu masu aiki a ofisoshi, ku ba mu Asabar ɗaya ku zo ku yi mana tambayoyi kamar yadda ake yi a can. Ku kuma sa mu cikin addu'a, musamman ɗan'uwan nan da har yanzu bai san yadda zai gaya wa kawunsa cewa ya ƙi ba.