Yaron Ashaiman da Duniya Ta Sani

'Yan'uwa mazauna zango, mun daɗe muna kallon fim, amma ba mu cika tambayar inda masu yinsa suke fitowa ba. Iyayenmu sun kalli na Indiya a gidajen sinima na Ankara da Kumasi, mu kuma muka tashi da kaset ɗin Kano da na Amurka a ɗakunan bidiyo. A zatonmu ɗan wasan fim mutumin wata ƙasa ce mai nisa, ba irin yaran da ke buga ƙwallo a bayan gidajenmu ba. Labarin Abraham Attah ya sa mun sake tunani.

An haifi Abraham a shekarar 2001, ya kuma tashi a Ashaiman, kusa da Tema. Duk wanda ya san Ashaiman ya san garin 'yan nema ne: ga cunkoso, ga kasuwa, ga ƙabilu iri-iri, har da mutanenmu masu yawa. Abraham ba Bahaushe ba ne, amma ƙurar da ya taka ita 'ya'yanmu suke takawa kullum.

A 2014 wani darektan fim Ba'amurke, Cary Fukunaga, ya zo Gana don ɗaukar fim mai suna Beasts of No Nation. An ɗauko labarin ne daga littafin da Uzodinma Iweala, marubuci ɗan asalin Najeriya, ya fitar a 2005. Masu neman 'yan wasa suka shiga yawo suna duba yara, har suka tarar da Abraham yana buga ƙwallo. Bai taɓa yin fim ba. Aka gwada shi tare da yara da yawa, daga ƙarshe shi aka ba babban matsayi.

Ya fito a matsayin Agu, yaron da yaƙin basasa ya ci garinsu a wata ƙasar Afirka ta Yamma da ba a ambaci sunanta ba. An kashe ubansa da wansa, uwarsa ta tsere da ƙannensa, shi kuma ya faɗa hannun 'yan tawaye, suka ba shi bindiga. Shugaban 'yan tawayen shi ne Idris Elba, shahararren ɗan wasan Ingila, wanda mahaifiyarsa 'yar Gana ce. Mu da muka ga 'yan gudun hijirar Laberiya suna zubowa sansanin Buduburam tun 1990, mun san wannan labari ba tatsuniya ba ce. Abin da ya fi taɓa mu shi ne idanun yaron. Ko bai yi magana ba, kana ganin tsoro da gajiya a fuskarsa.

A watan Satumba na 2015, yana ɗan shekara 14, aka ba shi lambar Marcello Mastroianni a bikin fina-finai na birnin Venis a Italiya, lambar da ake ba sabon ɗan wasan da ya fi fice. A Oktoba kamfanin Netflix ya saki fim ɗin. A Fabrairun 2016 ya ci lambar Independent Spirit ta gwarzon ɗan wasa namiji a Amurka, inda ya kayar da manya waɗanda suka girme shi nesa ba kusa ba. Washegari ya hau dandamalin bikin Oska ya miƙa wa wasu lambarsu. A 2017 kuma ya fito a Spider-Man: Homecoming a matsayin ɗalibi.

A nan ne galibinmu muke tsayawa idan muna ba da labarinsa a majalisa. Sai ka ji ana cewa, "Ai rabo ne, kana zaune zai zo ya same ka." Gaskiya ne, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Amma akwai ragowar labari da ba mu cika faɗa wa yaranmu ba. Lokacin da sunansa ya cika duniya, Abraham bai bar karatu ba. Ya shiga makarantar kwana ta Cheshire Academy a jihar Connecticut, daga can ya wuce Jami'ar Tufts a Massachusetts. Fina-finan da ya yi a waɗannan shekaru ba su da yawa, aji ne ya ci yawancin lokacinsa. A 2017, shekarar da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a Gana, shi aka zaɓa ya zama jakadan shirin.

Mu tuna kuma ba shi kaɗai ba ne yaro a wannan fim. Yara da dama sun riƙe bindigar wasa tare da shi, aka gama aiki, baƙi suka koma ƙasarsu, su kuma suka koma unguwanninsu. Fim ɗaya ba ya riƙe mutum har tsufa.

Darasi biyu muka ɗauka. Na farko namu ne, mu iyaye. Yaron da ya iya kwaikwayon malaminsa ko mai awara har kowa ya fashe da dariya, kada mu yi saurin kiransa shashasha. Baiwa ce, kuma sana'a ce da ke ciyar da gidaje. Na biyu na samarinmu ne da ke barin makaranta suna jiran ranar da wani zai gano su a filin ƙwallo ko a waya. Wanda aka gano ɗin ma komawa aji ya yi.

Saboda haka idan makarantar unguwa ta shirya wasan kwaikwayo a ƙarshen zango, mu je mu kalla, mu tafa wa yaranmu. Idan hutu ya ƙare kuma, mu tabbata kowane ɗayansu ya koma da littafinsa a hannu.